Daga Dakwaro zuwa Tarna: ina ake koyon likitancin shuka?

 

Ƙasar Dakwaro ita ce inda gona ta yi iyaka da makiyaya. Daga kudu, wajen Sabon Mashi da Kornaka, gonaki sun haɗe da juna, hatsi da dawa da wake da gujiya. Daga arewa, in ka ƙetare kwarin Tarka, sai daji da rijiyoyi masu zurfi da garkunan Fulani da Buzaye. Tun shekarar 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar bayanta ga dabbobi. Ruwanmu kaɗan ne, yawanci tsakanin milimita 300 da 400 a damana guda. Shi ya sa kowace zangarniya take da daraja a nan. Hatsin na mutum ne, kara da harawa na dabba. In cuta ta shiga gona, manomi da makiyayi duka sun yi hasara.

In mutum ya kwanta ciwo, a kai shi likita. In saniya ta ƙi kiwo, a kira likitan dabbobi. To shuka fa, wa ke duba ta? Ita ma tana da likitocinta. Karatu ne mai tsawo, kuma aiki ne da ake ci da shi ko'ina cikin duniya. A wannan wata za mu ɗauki hanya tare, mu ga wuraren da ake koyon shi.

Abin da muke gani cikin gonakinmu

Kafin mu tashi, mu duba gonar gida. Kun san kuturtar hatsi. Ganye ya yi fari-fari, da sassafe ka ga wani farin gari a bayanshi. In lokacin fidda kai ya yi, sai zangarniya ta fito da ƙananan ganyaye maimakon tsaba. Wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna, ido ba ya ganin ta. Tana kwana cikin ƙasa shekara da shekaru, tana jiran a shuka hatsi. Ta fi ƙarfi shekarar da ruwa da raɓa suka yi yawa.

Kun san burtuntuna, mai maida tsabar dawa baƙin gari. Mu suna ɗaya muke ba ta, amma masana sun gano iri-iri ce. Akwai wadda ke manne jikin iri, wannan maganin iri yana kashe ta. Akwai wadda iska ke kawowa lokacin bunni, ita maganin iri ba ya hana ta. Wanda bai rarrabe su ba sai ya ɓata kuɗinshi, ya ce magani ba ya aiki.

Tsofaffinmu kuma ba su manta da 1975 ba. A shekarar nan kuturtar gujiya ta faɗa wa ƙasar Hausa, Nijar da Najeriya duka. Gujiya ta ƙanƙance, ganye ya murɗe, ba ƴaƴa, ba harawa. A arewacin Najeriya kaɗai ta lalata wajen hekta 700,000. Ga fari ya riga ya wahal da mutane, ga wannan ta biyo baya. Kasuwar gujiya da ta gina Maraɗi ba ta koma yadda take ba. Likitocin shuka sun nuna cewa ɗan ƙwaron nan mai kawo darɓa shi ke ɗaukar cutar a bakinshi daga wata shuka zuwa wata. Sun kuma nuna cewa shuka da wuri, kusa da kusa, tana rage ɓarnarta.

Hanyar Maraɗi

Mu shiga mota a tashar Dakwaro, mu yi kudu. Mu wuce Ajekoriya, mu wuce Kornaka da Sabon Mashi. Tun kana ganin adua da ƙaya har ka fara ganin manyan gawo cikin gonaki. Wajen Tsibiri mu hau babbar hanya, sai Maraɗi. Tafiyar kilomita 120 ce da ɗoriya.

A gefen Maraɗi, kusa da gulbi, akwai Tarna. Tun zamanin Turawa ake gwajin iri a wurin. Yau yana hannun INRAN, ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, wadda aka kafa a 1975. Gonar bincike ba ta kama da tamu. An yanka ta ƙananan fegi-fegi, kowane da allonshi da lambarshi. Ma'aikata suna bin layi da littafi a hannu, suna ƙidaya shuka mai lafiya da marar lafiya. A cikin ɗaki kuma akwai madubi mai ƙara girman abu sau ɗaruruwa. Da shi ake ganin ƙwayar cutar da ke ɓoye cikin ganye.

Ga misalin abin da ya fito daga nan. Murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, ta yi ƙarfi bayan farin 1973. Masana ƙwari na Maraɗi, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, sun yi aiki kan wani ɗan ƙwaro mai kama da ƙaramar zanzaro, wanda ke harbin murzuna ya kashe ta. Tun daga 2006 ake kiwon shi, ana sa shi cikin ƙananan buhunan algarara ana kai wa ƙauyuka. A rataya buhu, ƙwaron ya fito ya bazu cikin gonaki. Ba feshi, ba guba. Ɗiyan ƙasar nan ne suka yi wannan aiki, da karatun da suka yi.

A cikin Maraɗi kuma akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, da aka kafa a 2010. Tana da sashen koyon aikin noma. Kafin a gina ta, ɗan Dakwaro mai son wannan karatu sai ya tafi Yamai ko ƙasar waje. Yanzu ga shi a tafiyar rabin yini.

Yamai da Sadore

Daga Maraɗi mu yi yamma, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, fiye da kilomita 600, mu isa Yamai. A can akwai Jami'ar Abdu Mumuni da nata sashen noma. Akwai AGRHYMET, makarantar da ƙasashen Sahel suka kafa tare a 1974 bayan babban fari. Ɗalibai daga ƙasashe da yawa suna zuwa can koyon kare amfanin gona. A Kollo kuma, kusa da Yamai, ake horar da malaman gona irin waɗanda ke zuwa ƙauyukanmu.

Kudu da Yamai, wajen kilomita 45, akwai Sadore. Reshe ne na ICRISAT, babbar cibiyar binciken hatsi da dawa da gujiya, wadda uwarta take Indiya tun 1972. A Sadore akwai ɗaki mai sanyi da ake ajiye iri na ƙasashenmu don kada ya ɓace.

Ku ji dabarar da likitocin shuka suke nemo hatsin da ke jure kuturta. Da fari su shuka irin da suka san cutar tana kamawa da sauri. Su bar shi ya kamu sarai, suna yayyafa ruwa don cutar ta ji daɗi. Sannan su shuka sabbin iri a tsakanin layukan masu cutar. Wanda ya kamu a yar da shi. Wanda ya tsaya da lafiyarshi a tsakiyar masu cuta, shi za a ɗauka a haɗa da irin da manoma ke so. Kafin sabon iri ya iso hannunmu, ana yin damana da yawa ana wannan gwaji.

Ƙetaren iyaka

Cuta ba ta tsayawa a bakin iyaka ta nuna takarda. Tsutsar masara da ta shigo Afirka a 2016 daga Amurka ta fito, cikin shekara biyu ta kusa game Afirka duka. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ce ƙwari da cututtuka suna cinye har kashi 40 cikin 100 na amfanin gonar duniya kowace shekara. Saboda haka likitan shuka ba ya rasa aiki a kowace ƙasa.

A Najeriya akwai Samaru, kusa da Zariya, inda ake bincike tun 1922. Daga can aka fito da gujiyar da ake kira Samnut 24 a 2011, mai nuna da wuri, mai jure kuturta. A Ibadan akwai IITA tun 1967, tana da reshe a Kano mai aiki kan wake. A Gana, jami'ar Legon ta buɗe wata cibiya a 2007 don koya wa ɗiyan Afirka ta Yamma gyaran iri har matsayin dokta, kuma ƴan Nijar sun yi karatu a can.

Indiya ma hatsi suke ci kamar mu. A 1971 kuturtar hatsi ta faɗa wa wani sabon iri da suka shuka ko'ina, ta yi musu ɓarna mai yawa. Cikin irin da suka nemo don gyara nasu har da hatsin Afirka ta Yamma, kamar wani na arewacin Togo da ake kira Iniyadi. Masana sun kuma gano cewa ƙarfin cutar ba ɗaya ba ne a ko'ina. Irin da ya jure ta a Indiya yana iya faɗuwa a ƙasar Hausa. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Dole kowace ƙasa ta samu nata likitoci, masu gwaji a cikin ƙasarta.

Kada wani ya ce wannan karatu na ɗiyan birni ne. A ƙasar Habasha an haifi Gebisa Ejeta a 1950, cikin wani ƙaramin ƙauye. Mahaifiyarshi ba ta yi lakkwal ba, amma ta nace sai ya yi. Da ƙafa yake tafiya kilomita 20 zuwa makaranta. Ya samu dokta a jami'ar Purdue ta Amurka a 1978. Ya yi shekaru yana yaƙi da ƙuduji. Ƙwayar ƙuduji tana kwance cikin ƙasa, ba ta tsira sai ta ji wani ruwa da saiwar dawa ke fitarwa. Shi da abokan aikinshi suka nemo dawar da ba ta fitar da ruwan nan da yawa, suka gyara iri da ita. A 2009 aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya.

Damana 21

To, yaya ɗan Dakwaro zai kai can? Ga matakan, mu ƙidaya tare. Lakkwal ta fari, shekara 6. Kwaleji, shekara 4. Lise, shekara 3, sai jarrabawar bak. A jami'a, lisansi shekara 3. Daga nan babban karatu yake farawa: masta shekara 2, dokta shekara 3 ko fiye. Duka damana 21 ke nan, in ba a maimaita aji ba. A masta ɗalibi yake zaɓen fanninshi, ko cututtukan shuka, ko ƙwari, ko gyaran iri. A dokta sai ya ɗauki tambaya guda, misali kuturtar hatsi, ya yi ta bincike a gona da ɗakin gwaji, ya rubuta littafi, ya kare shi gaban manyan malamai. Yana bukatar lissafi, da ilimin halittu, da Faransanci, da Ingilishi don karanta abin da masanan wasu ƙasashe suka rubuta.

Ba kowa ke kai ƙarshe ba, amma kowane mataki yana da aikinshi. Wani ya zama malamin gona. Wani ya shiga ma'aikatar kare amfanin gona, mai sa ido kan fara da tsutsa. Wani ya tsaya bakin iyaka yana duba iri da kayan gona da ke shigowa. Wani ya yi aiki da masu sayar da iri. Wani ya koyar a jami'a, wani ya yi bincike a Tarna ko Sadore ko wata ƙasa mai nisa. Mata ma suna cikin wannan aiki, kuma su suka fi kowa sanin iri, don su ke sussuka da ajiya.

Yaron da ya tashi yana bin ubanshi gona ya riga ya san ganye mai lafiya. Yaron da ya tashi bayan garke ya san ciyawa da sunanta. Wannan sani ba a sayen shi a kanti. Abin da ke kashe shi, shi ne a cire yaro daga aji saboda noma ko kiwo ko tafiya bida, ko a yi wa yarinya aure tun ba ta gama kwaleji ba. Gaskiya hannu ɗaya a gona yana da amfani bana. Amma likita ɗaya yana iya ceton rumbunan gunduma duka.

Namu aikin tun yanzu

Mu da muka koyi karatu da girma, mu ne idon likitan shuka a ƙauye. Shi ba ya iya zaga kowace gona. Ga abin da za mu yi a damanar nan:

1. Mu sa wa iri magani kafin shuka, yadda malamin gona ya nuna. Irin da aka sa wa magani ba a cin shi, ba a ba dabba. A wanke hannu da sabulu.
2. In mun ga hatsi mai kuturta, mu tuge shi tun yana ƙarami, mu fitar da shi daga gona mu ƙone.
3. Mu tuge ƙuduji kafin ya yi fure ya zuba ƴaƴa.
4. Kada mu ɗebi iri daga gonar da burtuntuna ta kama.
5. Mu rubuta a littafi: ranar da muka ga cutar, sunan gari, sunan iri, da gindi nawa suka kamu cikin 100. Mu kai takardar da shukar, har saiwarta, wurin malamin gona.

Watan Oktoba yana tafe, za a buɗe lakkwal. Kowane uba ya duba gidanshi, maza da mata, ya kai su a rubuta sunansu. Wanda ke ciki kuma a bar shi ya ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare gonakinmu da dabbobinmu. Amin.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Dakwaro.