Sabarar gonar Baba

Ranar Talata Yaya ya kira ni daga gida, can wajejen Tasawa. Ya ce bana tarakta zai ɗauko ta tumɓuke sabarar gonarmu kakaf, in aiko da nawa kason idan bursi ya fito. Na ce to. Tun ranar wannan "to" ɗin ke damuna.

Muna yara, Baba bai yarda a tumɓuke sabara. Lokacin sassabe sai ya rage rassanta, ya bar biyu ko ukku masu ƙarfi, ya baza ganyen a ƙasa. Mu kuwa sai gunaguni, don kututturen na kama mana hauya. Iyakar amsarsa: "Ku dubi hatsin da ke gindinta." Gaskiya ne kuma, in ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, nan ne ganye ke daɗewa bai naɗe ba.

Sai da na zo Yamai karatu na ji dalili. Malaminmu ya fara da wata ƴar Kanada, Suzanne Simard, da ta nuna a 1997 cewa itatuwa biyu da ba irinsu ɗaya ba na iya miƙa wa juna abinci ta siraran zaruruwan naman gwari da ke haɗa saiwoyinsu. Masana na gardama har yau kan yawan abin da ke wucewa. Ƴan aji suka yi dariya, wai itatuwa na da rezo. Ni ma na yi.

Da ya zo kan sabara dariyata ta tsaya. Saiwarta na nutsawa nesa, inda ƙasa ke da danshi. Da dare, in ganye ya daina jan ruwa, sai ta ɗago shi ta tsatsafar a busasshiyar ƙasar sama, inda saiwar hatsi take. A Senegal an gwada: aka ba saiwar ta can ƙasa ruwa mai alama, sai ga alamar a jikin hatsin da ke kusa. An buga sakamakon a 2018. Wallahi ina zaune, tsugunnon Baba a gindin sabara kawai nake gani.

Aikin nasa ma ashe yana da suna, sassabin zamani. Tun wajen 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, da manoman Maradi suka yaɗa shi, har ya kai kadada wajen miliyan 5 a ƙasar nan.

Ba na ganin laifin Yaya. Shi ke riƙe da hauya, bayansa ke ciwo, ni ina nan da biro. Ƙane kuma bai koya wa wansa noma ta waya.

Bursi ya fito jiya. Ban aika ba tukuna. In an yi hutu zan hau mota in je, in roƙe shi ya bar ko da gefen gabas, wajen gawon nan, mu auna damman kowane gefe da kaka.