Wayar da Muke Ja da Kanmu a Kan Mota



Da yawa daga cikin mambobinmu a nan Legas ba su da ɗakin da ya wuce kan motarsu. Wanda ya sauke tumatir a Mile 12 yana jiran lodin komawa, da wanda yake layin shiga Apapa ko Tin Can, da wanda dare ya yi masa a Ogere, duk a ɗan gadon nan na bayan kujera suke kwana. Zafin Legas da saurota kuwa ba sa barin mutum ya ɗage gilashi ya yi barci ba fanka. Shi ya sa kusan kowace mota za ka tarar an ƙara mata wani abu: fanka, wurin cajin waya, ƙwan fitila, wani ma har da ɗan firiji. Ba mu ga laifin kowa ba. Yadda ake jan wayar ne yake damunmu, domin mu ne ake kawo wa ƙara ofis idan kan mota ya ƙone, direba na rantsuwa, mai mota na neman diyya.

Matasanmu kan nuna mana bidiyon Amurkawa masu ɗora ɗan ɗaki a bayan a-kori-kura, su haɗa masa wuta da hannunsu, su tafi daji hutu. Su nishaɗi ya kai su, mu neman abinci. Amma akwai abu biyu da masu hankalinsu ba sa wasa da su, kuma su ne ba mu cika yi ba: batirin ɗaki daban da na tayar da mota, sannan fiyus a kan duk wayar da ta bar batir.

Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya juya sitata, injin ya mayar masa nan take. Ba a yi shi don a yi ta tsotsarsa dare guda ba. Wanda yake kwana da fanka da firiji a kansa, wata rana layi zai motsa motarsa ta ƙi tashi, kuma duk mun san abin da hakan ke jawowa a hanyar Apapa. A sayi batir na daban, a haɗa shi ta na'urar da ke barinsa ya yi caji idan injin na aiki, ta raba shi da na mota idan an kashe. Irin mai ruwan nan kada a sha fiye da rabinsa. Mai lamba 100 a jiki, a ɗauka 50 ake da shi. Fankar da ke jan amfiya 2 za ta ci 16 a awa takwas, babu damuwa. Amma butar dafa shayi mai wat 1000 a kan inbata, a wutar bolt 12, tana jan sama da amfiya 80. Lissafin ba wuya: a raba wat da bolt. Cikin kamar rabin awa ta cinye rabon dare gaba ɗaya, siririyar waya kuma ba za ta ɗauki wannan nauyin ba, zafi za ta yi har robarta ta narke. A bar wa mai shayi sana'arsa.

Sai dabarar da ta fi yawa a wurinmu, wadda ake ganin wayo ce. DAF da MAN da Howo a kan bolt 24 suke, wato batir biyu masu 12 aka jera. Fankar kasuwa kuwa yawanci ta bolt 12 ce. Sai yaron mota ya maƙala wayarsa a kan batir ɗaya, fanka ta juya, kowa ya ji daɗi. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne, wanda ake ja yana rama kullum, ɗan uwansa kuma yana shan cajin da ya fi ƙarfinsa. A ƙarshe duka biyun za a canza. Akwai ƙaramar na'ura mai sauke 24 zuwa 12, ana samunta a Ladipo da Alaba, kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin batir guda ba.

Maganar fiyus ita ce ta rai. Fiyus ba fanka yake karewa ba, waya yake karewa. Duk ƙarfen jikin mota a haɗe yake da ɓangaren batir mai alamar ragi. Idan wayar da ta fito daga kan mai alamar tarawa ta goge ta taɓa ƙarfe, batir zai zuba mata ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, ta yi ja kamar garwashi, a ƙarƙashin katifar da mutum ke kwance. Saboda haka a sa fiyus dab da kan batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ba can kusa da fanka ba. Idan ya ƙone, wani abu yake faɗa maka. Masu naɗa masa zaren waya ko takardar gwangwanin sigari su ci gaba da tafiya, don Allah su daina.

Ita ma wayar a duba ta. Ta gida mai ƙarfe ɗaya a ciki ba ta jure girgizar hanyar Lokoja, karyewa take yi. A nemi mai zaruruwa da yawa, ta jan ƙarfe zalla. Akwai ta jabu, alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe. A kankare bakinta da wuƙa, in ta yi fari a ajiye. Inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, a ɗaure ta kada ta yi lilo. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne, da sannu zai saki ya riƙa zafi. Kafin a taɓa komai a fara cire kan batir mai alamar ragi, a kuma cire zobe da agogo.

Batirin da aka ƙara kada ya kwana da mutum. Mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta idan yana caji, a yi masa akwati a waje inda iska ke ratsawa. Haka ƙaramin janareta: hayaƙinsa na da guba marar wari, yana kashe mai barci.

Sola kuwa muna goyon baya. Faifai mai wat 100 yakan ba da amfiya 5 zuwa 6 a tsakiyar rana, ya ishi fanka da waya ga mai zaman layi, ko da yake daminar Legas tana rage shi sosai. Kada dai a haɗa shi kai tsaye da batir ba kwantirola a tsakani, kuma a ɗaure shi da noti, ba igiya ba.

Abin da muke roƙo a matsayin ƙungiya, duk direban da motar ba tasa ba ce ya sanar da maigidansa kafin ya ƙara ko da ƙwai ɗaya, domin rigimar da ta fi ba mu wuyar sasantawa ita ce wadda mai mota ya ce bai san da wayar ba. Wanda ya ja da kansa, ya kai wa rewaya ya duba kafin ya kwana a ciki. 'Yan uwanmu masu jan tankar mai kuma, ku wannan bayanin bai ba ku izini ba. Tartsatsi ɗaya ya isa a kusa da tururin fetur, kuma a depo ko gareji ba motarku kaɗai ce a wurin ba. Ku sayi fanka mai caji da fawa banki, ku yi cajinsu a waje.

Sakatare