Tsakanin Shago da Aji: Tafiya zuwa Barade a Birnin Jalingo

Hanyar da mai nufin Jalingo daga ƙasar Hausa ya fi bi ita ce wadda ta ratsa Gombe, ta wuce Kumo da Billiri da Kaltungo, ta gangara Cham, sannan ta haye gadar Binuwai a Numan kafin ta karkata kudu zuwa ƙasar Muri. Ita wani matafiyi ya bi a motar haya da ta bar tasha bayan sallar asuba, da niyyar ganin yadda ake karantar da fannoni biyu a babban birnin Jihar Taraba, wato tafiyar da ƙananan sana'o'i da horar da malaman sakandare, waɗanda a takarda ba su da dangantaka, amma a rayuwar mutanen garin sukan haɗu a jikin mutum guda. Duwatsun ƙasar Tangale da gonakin raken da ke kusa da Numan sun wuce cikin hanzari, sai dai daga gada zuwa Jalingo ramuka suka sa direba ya rage gudu, har fasinja ya samu sararin lura da cewa duk inda mota ta lafa akwai mai tallan gyaɗa ko ayaba ko soyayyen kifi a bakin taga.

Jalingo gari ne da bai daɗe ba idan aka kwatanta shi da Kano ko Katsina. Masarautar Muri, wadda Hammaruwa ɗan'uwan Buba Yero na Gombe ya kafa a zamanin jihadi, ta mayar da fadarta nan ne a wajajen 1893, lokacin Sarki Muhammadu Nya, bayan yaƙin da ya yi da Jukunawan Kona da taimakon bindigogin wani Bafaranshe mai suna Mizon. Garin ya zama hedkwatar jiha a ranar 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da aka raba tsohuwar Jihar Gongola gida biyu, kuma tun daga lokacin ma'aikatan gwamnati suka zama ginshiƙin cinikinsa. Mazaɓunsa da dama suna ɗauke da sunayen sarautu, irin su Turaki da Majidaɗi da Sarkin Dawaki da Barade, kuma a wannan ta ƙarshen ne matafiyin ya sauka, a gidan wani malamin sakandare da ba ya rabuwa da alli da safe, ba ya kuma rabuwa da mudu da yamma.

Shagon malamin ɗaki ne guda da aka fasa wa ƙofa ta waje, an jera shinkafa da sukari da man gyaɗa da sabulu da taliya, ga na'urar cire kuɗi ta POS a gefen teburi, wadda ya ce ta zama dole tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Abin da ya fi jan hankali shi ne wani littafin rubutu na 'yan makaranta da aka ɗaure da zare a jikin kanta, kowane gida da shafinsa. Wata dattijuwa ta shigo bayan la'asar, ta auni mudu biyu na shinkafa, ta ce, "Malam, a rubuta mini sai wata ya mutu," shi kuwa ya amsa da "To, Inna, Allah ya kai mu," ya rubuta ba tare da ya nemi sa hannu ba. Rabin cinikin shagon a wannan littafi yake kwana, domin yawancin masu sayen kaya albashi suke jira, ko kuma suna jiran ɗa ko miji mai jiran albashi, ta yadda idan biya ya yi jinkiri mai shago ne ke riƙe unguwa da jarinsa. Shi kansa malamin yana cikin masu jiran, wanda hakan ya sa ya san lokacin da ya kamata ya tuna wa mutum bashi da lokacin da kunya ta hana.

Washegari keke mai ƙafa uku, wanda shi ne abin hawan talaka a cikin Jalingo, ya kai matafiyin unguwar da kowa ke kira ATC, inda Jami'ar Jihar Taraba take. An kafa jami'ar a 2008, zamanin Gwamna Danbaba Suntai, amma sunan unguwar ya girme ta, domin taƙaitaccen sunan babbar kwalejin horar da malamai ne, irin waɗanda aka fara buɗewa a Nijeriya a 1962, har da ta Zariya, bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya nuna ƙarancin ƙwararrun malamai a ƙasar. Da jami'a ta zo, kwalejin ilimi ta jihar da ke wurin ta koma Zing, sai dai direbobin keke ba su sauya sunan da suke kira ba, kuma aikin horar da malamai bai bar wurin ba, tun da akwai tsangayar ilimi a cikin jami'ar.

Hanyoyin zama malamin sakandare a Nijeriya uku ne a taƙaice. Akwai takardar NCE ta shekara uku da kwalejojin ilimi ke bayarwa, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a manufar ilimi ta ƙasa, kuma an fi nufin mai ita da firamare da ƙaramar sakandare. Akwai digirin ilimi na shekara huɗu, inda ɗalibi ke haɗa darasin da zai koyar, kamar lissafi ko tarihi, da dabarun koyarwa da sanin halayyar yara. Akwai kuma difloma ta bayan digiri ga wanda ya karanta wani fanni daban sannan ya samu kansa a aji. Dukansu sai sun yi koyarwar gwaji, wato a tura ɗalibi wata makaranta na wasu makonni ya riƙe aji, malaminsa ya zo ya zauna a baya yana duba tsarin darasinsa da yadda yake riƙe yara, kuma a ƙarshe sai sun yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wadda dokar 1993 ta kafa.

Fannin kasuwanci kuwa tsangayarsa daban, amma wani ɓangarensa ya shafi kowa, domin tun wajajen 2007 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta wajabta wa kowane ɗalibi darasin dogaro da kai ta hanyar sana'a, ko likita zai zama ko malami. A irin wannan darasi ana koya wa ɗalibi rubuta tsarin kasuwanci, wato takardar da ke bayyana abin da zai sayar da wanda zai saya da jarin da ake bukata da lokacin da riba za ta fara fitowa, ana kuma nuna masa lissafin shiga da fita, da yadda ake rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, da aikin hukumar SMEDAN da aka kafa a 2003 don tallafa wa ƙananan masana'antu. Wanda ya kwana a Barade ba zai kasa ganin giɓin da ke tsakanin wannan karatu da shagon mai masaukinsa ba. Littattafan da ake karantawa sun ɗauka cewa jari daga banki yake fitowa, alhali a unguwa daga adashi yake fitowa, ko daga sayar da amfanin gona, ko daga ubangidan da ya sallami yaronsa bayan shekaru yana tsaron shago; sun ɗauka cewa ciniki kuɗi hannu ne, alhali amana ce da sanin asalin mutum. Duk da haka ba adalci ba ne a ce karatun banza ne, domin akwai abu guda da yake koyarwa wanda kasuwa ba ta cika koyarwa ba, shi ne raba kuɗin shago da kuɗin cefane, kuma rashin wannan rabo ya ci jarin mutane da yawa waɗanda ba su taɓa faɗuwa a ciniki ba.

Inda fannonin biyu suka haɗu a hukumance shi ne ajin sakandare. Ana koyar da darasin kasuwanci a ƙaramar sakandare, kuma manhajar babbar sakandare da ta fara aiki a 2011 ta zo da darussan sana'a 34, kama daga ɗinki da kiwon kifi zuwa gyaran wayar hannu, ba tare da an tanadi isassun malaman da suka taɓa riƙe almakashi ko sukudireba ba. A wata makaranta da ke cikin gari, matafiyin ya zauna a bayan aji yana kallon wata ɗalibar jami'a mai koyarwar gwaji tana bayanin ciniki bashi. Ta rubuta ma'anarsa a allo da Turanci kamar yadda yake a littafi, yara suka kwafa shiru, waɗansu uku a benci guda, waɗansu a bakin taga. Da ta ga ba ta samun amsa, sai ta sauko zuwa Hausa, ta tambaya ko akwai wanda aka taɓa aika ya karɓo omo a rubuta, nan take hannuwa suka tashi, har wani yaro ya yi bayanin dalilin da ya sa mai shago ke hana gidan da bai biya na watan jiya ba. Yaran nan Mumuye ne da Fulani da Jukunawa da Hausawa da sauran ƙabilun jihar, Hausa ce ke haɗa su a titi da kasuwa, amma jarrabawa da Turanci za su rubuta ta, don haka malamar ta koma allo ta mayar da amsar yaron zuwa harshen da mai duba takarda zai karɓa. Wannan sauka da hawa tsakanin harsuna biyu shi ne rabin aikin malami a Jalingo, kuma kaɗan ne daga cikinsa ake koyarwa a ɗakin lacca.

Bukatar malamai ta ƙaru tun da Gwamna Agbu Kefas ya ayyana karatun firamare da sakandare kyauta a makarantun gwamnati a 2023, ya kuma rage kuɗin jami'ar jihar da rabi, domin yaron da kuɗin makaranta ya tsare a gida a da, yanzu yana neman benci da malami. A wannan shekarar ce kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin keke da na abinci suka tashi, wanda hakan ya sa malamin da ke da shago ya ƙara riƙe shagonsa da kyau, kuma matashin da ya gama digirin ilimi yake auna albashin makarantar kuɗi da abin da teburin POS zai kawo masa a wata. Daga Jalingo matafiyin ya kama hanyar Zing, ƙasar Mumuye da doya, inda kwalejin ilimi ke yaye masu NCE da za a tura makarantun ƙauye, wuraren da kasuwa ke ci sau ɗaya a mako, kuma malami kan dogara da gona a madadin shago.