Kashin Kaza a Kan Buzun Sallah

  

Tun da aka gama girbin gero, mutum uku suka tsayar da ni a ƙofar masallaci da tambaya ɗaya: Malam, kashin kaza najasa ne ko ba najasa ba ne? Tambayar ta zo daidai da abin da ya same ni a cikin gidana, don haka da shi zan fara.

Bayan kaka, uwargida ta sayar da 'yan tiyoyin wake ta sayo kaji huɗu da zakara. Rabona da kaji tun ina yaro a gidan mahaifiyata, Allah Ya jiƙan ta. Muka sake su a tsakar gida kamar yadda kowa yake yi. Wata rana da hantsi na shimfiɗa buzuna a inuwar rumfa zan yi walaha, sai ga kashin kaza a gefensa. Na karkaɗe na yi sallata hankali kwance, domin na san mas'alar: a mazhabar Imamu Malik, fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne. Daga cikin hujjojin akwai izinin da Manzon Allah (SAW) ya bayar na yin sallah a garken tumaki. Shafi'iyya sun saɓa, duk najasa ne a wurinsu, Hanafiyya ma suna ƙirga kashin kaza cikin najasa. Saboda haka kada ku yi gardama da baƙon da ya yi karatu a wata ƙasa.

Da la'asar sai na ga kajin nan biyar sun yi cincirindo a bakin magudanar makewayi, inda ake wanke fo ɗin jikana, suna tono suna tsattsaga. Gabana ya faɗi. Rabin mas'alar na riƙe, na manta da rabin, ni da nake karantar da ita shekara da shekaru. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya ware dabbar da take cin najasa daga wancan hukunci: ita kashinta najasa ne. Masu sharhi, irin su Shehu Dardir, suka ƙara da cewa ko da shakka ake yi, matuƙar dabbar ɗabi'arta ce cin ƙazanta, kamar kaza, to ana ɗaukar ta a kan ta ci. Ke nan kazar da aka killace ana ba ta dusa da tsaki, kashinta mai tsarki ne. Wadda ke yawo tsakanin juji da makewayi, nata najasa ne, kuma gusar da shi daga jiki da tufa da wurin sallah wajibi ne ga wanda ya tuna kuma yake da iko. Wanda ya yi sallar farilla da shi bisa mantuwa, sai ya sake ta matuƙar lokaci bai fita ba. Namanta da ƙwanta halal ne a wurinmu, in ban da ƙwan da ya dame. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan tsare irin wannan kaza kwana uku kafin a yanka ta.

Haka ruwan alwala. Ruwa kaɗan da sakakkiyar kaza ta tsoma baki a ciki, makaruhi ne a yi tsarki da shi in akwai wani. A Damargu, inda rijiya take da nisan ƙasa, ruwa ba abin zubarwa ba ne, don haka a rufe randa, a rataye buta.

Hukuncin kashin kaza yana bin abin da ta ci, abin da ta ci kuwa yana hannun mai ita. Da na fahimci haka sai na sa yara suka gina akurki na laka a kusurwar gida, muka rufe su, na ce an gama. A nan na yi kuskure na biyu, kuma ya fi na farko nauyi.

Akurkin ba shi da tagar iska. Kaskon ruwansu kullum sai sun kifar da shi. Kashi ya taru ya jiƙe, ba mai sharewa, domin kowa yana zaton aikin wani ne. Bayan mako uku na leƙa, sai wani zarni ya bugi idanuna har suka kawo ruwa. In ni da na leƙa sau ɗaya haka na ji, ina ga mai kwana a ciki? Ƙuma ta baibaye fuskokinsu, ɗaya ta daina ci, kwana biyu ta mutu. A daren na kasa barci ina tuna hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ni na tsare su don in kare sallata, sai na ɗauko haƙƙin rai a wuyana.

Wadda ta gyara mini ita ce gwaggona, tsohuwa ce da ba ta taɓa buɗe Ahalari ba. Ta dubi akurkin ta ce, "Liman, ko fursuna ana share masa ɗaki." Ta sa aka huda tagogi biyu ƙanana ta sama, aka kankare daɓen, aka bar shi ya sha rana. Sannan aka zuba busasshen rairayi, aka barbaɗa tokar murhu wadda ta huce, aka shimfiɗa ƙaiƙayin gero mai kaurin yatsu huɗu. Ƙaiƙayi yana tsotse danshi, kuma bayan sussuka a banza yake a bakin kowane masussuki. Aka gitta sanda don su hau su kwana, kashinsu ya faɗi ƙasa ba tare da sun kwanta a cikinsa ba. Kaskon ruwa aka fitar da shi waje, aka tokare shi da duwatsu. A gefe aka tara toka da rairayi inda suke birgima, wanda shi ne wankansu, da shi suke rage ƙuma. Kowace safiya a kwashe inda ya jiƙe, ranar Alhamis a kwashe duka a sa sabo. Da rana suna fita cikin ɗan shingen kara da ya raba su da makewayi.

Abin da aka kwashe kada a zubar. Takin kaji ya fi na shanu ƙarfi, ɗanyensa yana ƙona shuka. A tara shi a rami nesa da randa, a bar shi ya ruɓe kafin damina, sannan a kai gona.

Akwai wani abu da nake so iyaye mata su ji. Tsarki daban, tsabta daban. Ko da shari'a ta ce kashin killatacciyar kaza ba ya ɓata sallah, likitoci sun tabbatar yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa zawo, kuma yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Wanda ya share akurki ya wanke hannu da sabulu, in babu ko da toka, kafin ya taɓa tuwo ko dama fura. Kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane, ko da ana tsoron ɓarawo ko muzuru. Manyanmu suna tuna shekarar 2006, da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya, cikin jiharmu ta Damagaram. Kazar da ta mutu da kanta mushe ce, a binne ta da zurfi, kada a jefa ta bayan katangar maƙwabci. In suna mutuwa da yawa a sanar da ma'aikatan kiwo.

Hunturu ya ƙarato, lokacin annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niwkasil, mai share kajin unguwa cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi, kuma kuɗinsa bai kai na kaza ɗaya ba. Wanda ya sayo sabuwa daga kasuwa ya ware ta mako biyu kafin ya haɗa ta da na gida. Namu huɗun da suka rage an yi musu, ɗaya ma tana kwanci a kan ƙwai tara.

Gobe bayan magariba, in Allah Ya kai mu, za mu ci gaba da babin ruwa daga inda muka tsaya. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.