Baƙon Kurmin Amurum

Yau sai ku ɗaura gyale mu tafi ƙasar Jos. Kamar mil 10 daga gari, kusa da ƙauyen Laminga, akwai wani kurmi ana ce da shi Amurum. Duwatsu ne birjik, da rafuka masu itatuwa a gefe. Jami'ar Jos tana da wurin binciken tsuntsaye a can.

In kun je da rani, ku zauna shiru a inuwa. Za ku ga wani ɗan tsuntsu ƙasa-ƙasa, cikinsa fari, da ɗan fari a fiffike. Yakan sauka a reshe, ya ɗaga fiffike, ya yi wuf ya cafke ƙwaro a iska. Sunan da Turawa suka ba shi ma'anarsa mai cafke ƙuda. Tsawonsa inci 5, nauyinsa kuwa giram 12 ko 13.

To, baƙo ne. A dazuzzukan Turai yake sheƙa, cikin kogon itace, macen ta yi ƙwai biyar zuwa bakwai masu launin shuɗi-shuɗi. Can ne namijin ke sa baƙi da fari, ya yi ta rera waƙa. Wajen watan Agusta ko Satumba, kafin sanyi ya kashe ƙwari, sai su kamo hanya. Da yawa sukan ya da zango a Sifen da Fotugal su yi ƙiba, don kitsen nan shi ne guzurin ƙetare Sahara. Tafiyar kusan mil 3,000 ce. A watan Afrilu ya koma.

Amma yana cikin wahala. A Holan, ɗumamar yanayi ta sa tsutsar da yake ciyar da 'ya'yansa tana fitowa da wuri, har wani wuri ya tarar kakarta ta wuce. A nan kuma gatari yana cin kurmi.

Saboda haka, uwargida, in za a yi itacen girki, a nemi busasshe, a bar na bakin rafi. Ki kuma ja kunnen yaranki masu danƙo. Wanda ya ga tsuntsu da zobe a ƙafa, masu bincike ne suka sa masa. Baƙonka Annabinka, in ji Hausawa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.