Agyaragu: An gyara gini, saura zukata

Mai karatu, idan ka bar Lafiya ka kama hanyar Makurɗi, ba za ka yi nisa ba sai ga Agyaragu, garin doya. Ranar kasuwa ka ga tulin doya da motoci ana lodi, sai ka rantse garin bai taɓa ganin tashin hankali ba. Alhali a watan Nuwamban 2012 an yi rikici a nan, aka rasa rayuka, aka ƙone gidaje.

Wanda ya ga irin wannan da idonsa yakan yi shekaru yana zabura cikin barci, ƙarar salansar babur ta sa shi gumi, ya daina bin wata unguwa. A gida sai a ce iska ce. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa tambaya yake yi: tun yaushe? Ya wuce wata guda? Ya hana shi noma ko zaman iyali? Tsoron 'yan kwanaki ba ciwo ba ne. Wanda ya zarce har ya tsayar da rayuwa yana da magani.

In kana da irinsa a gida, kada a ɗaure shi. Asibiti yana nan cikin Lafiya, kuɗin mota kaɗan ne.