Sukur: Ƙauyen Da Sai Da Ƙafa Ake Isa

Uwargida, in har hawa benen gidanku yana sa ki haki, to ki gyara zama ki ji labarin Sukur. Ƙauye ne a kan duwatsun Mandara, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Mota a gindin dutse take tsayawa. Daga nan sai ƙafarki, har ki kai tsaunin da ya haura mita 1,000 daga doron teku.

Abin da zai fara ɗauke miki hankali ita ce hanyar kanta. Faffaɗan duwatsu ne aka jera tun kaka da kakanni, babu siminti, amma ruwan damina bai kwashe su ba. Kina tsayawa shan iska, matan garin za su wuce ki da kaya niƙi-niƙi a ka, ga goyo a baya. A gefenki kuma gonakin dawa ne hawa-hawa, kowace an tokare ta da dutse don kada ƙasa ta zaizaye.

A sama za ki tarar da gidan sarkinsu, wanda suke kira Hidi, shi ma ginin dutse. In kin tambayi wa ya ɗauko waɗannan manyan duwatsu, za a ce miki wasu ƙattai ne biyu, Fula da Deve. Yara suna son wannan labari, amma ni a ganina ƙattan sun cinye ladan wasu. A da can mutanen Sukur sun daɗe suna narka tama suna sayar wa maƙwabta ƙarfen fartanya, kuma da wannan arziki da gumin talakawa aka yi aikin. Har shanu suke turkewa a ramin da aka kewaye da dutse, su yi ta ƙiba.

A 1999 hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Nijeriya. A 2014 kuwa 'yan Boko Haram suka kai hari, suka ƙona gidaje. Don haka kafin ku shirya tafiya, maigida ya bincika lafiyar hanya wurin mutanen yankin. Ku tashi da sassafe lokacin hunturu, ki sa takalmi maras tsini, ki riƙe gorar ruwa, kuma ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora.